Charles Kettering

Charles Franklin Kettering (29 ga Agusta, 1876 – 25 ga Nuwamba, 1958) injiniya ne, mai ƙirƙira kuma ɗan kasuwa ɗan ƙasar Amurka. Shi ne ya kafa kamfanin Delco tare da Edward A. Deeds, ya kuma shugabanci sashen bincike na kamfanin General Motors daga shekarar 1920 zuwa 1947. An yi masa rajistar haƙƙin ƙirƙira guda 186 a Amurka. An fi saninsa da sitatar lantarki mai tayar da mota, da kuma tsarin ba injin fetur wuta ta hanyar batir da kwayil da distiributa, wanda yawancin motocin duniya suka yi aiki da shi fiye da shekara 60. A ƙarƙashin jagorancinsa ne kuma aka fito da fetur mai dalma da iskar sanyaya firiji ta Freon, abubuwa biyu da daga baya ƙasashen duniya suka haramta saboda illarsu.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Kettering a wata gona kusa da garin Loudonville a jihar Ohio. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya biyar na Jacob Kettering da matarsa Martha. Tun yana yaro yake fama da ciwon ido, karatu mai tsawo yana sa masa ciwon kai. Bayan ya gama sakandare ya koyar a makarantar ƙauye, sannan ya shiga Jami'ar Jihar Ohio a 1898. Ciwon idon ya tilasta masa barin karatu, ya kama aiki da ma'aikatan da ke kafa turakun wayar tarho a yankin Ashland, har ya zama shugaban tawagarsu. Da idon ya yi sauƙi ya koma jami'a, inda abokan karatunsa kan karanta masa littattafai yana saurare. Ya kammala digiri a fannin injiniyan lantarki a 1904 yana da shekara 27.

Aiki a kamfanin NCR

A shekarar da ya gama karatu kamfanin National Cash Register da ke birnin Dayton ya ɗauke shi aiki. Kamfanin yana ƙera akwatin lissafin kuɗi na kantuna, wanda a lokacin da hannu ake juya shi. Kettering ya haɗa masa ƙaramin injin lantarki. Masana da dama suna ganin injin da zai iya wannan aiki sai ya yi girman da ba zai shiga akwatin ba. Shi kuwa ya lura cewa ƙaramin inji yana iya ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinsa matuƙar na ɗan lokaci ne, ya huta kafin a sake buƙatarsa. Wannan fahimta ce ya sake amfani da ita bayan 'yan shekaru a kan mota. Ya kuma ƙera wata na'urar tarho da manyan kantuna ke tantance masu sayayya bashi da ita.

Kafa Delco da tsarin ba inji wuta

Edward Deeds, wanda babban jami'i ne a NCR, ya ja hankalin Kettering zuwa harkar motoci. Da dare da ranakun hutu sukan taru da wasu abokan aiki a rumbun da ke bayan gidan Deeds suna gwaje-gwaje. Abin da suka fara sa wa hannu shi ne wutar inji.

Injin fetur ba ya aiki sai an sami tartsatsi a bakin fulogi da zai kunna haɗin fetur da iska a cikin silinda. A wancan zamani hanyoyi biyu ne suka fi yawa. Ɗaya ita ce magneto, wadda ke samar da wutarta daga juyawar injin, don haka tartsatsinta ba shi da ƙarfi idan injin yana juyawa a hankali, wato daidai lokacin da ake son tayar da shi. Ɗayar kuma kwayil ce mai karkarwa da ke zuba tartsatsi barkatai, tana cinye batir da sauri. Kettering ya nemi tartsatsi ɗaya tak mai ƙarfi a kowane bugu. A 1909 Henry Leland, shugaban kamfanin Cadillac, ya ba da odar dubban na'urorin domin motocin 1910. Kettering ya ajiye aikinsa a NCR, shi da Deeds suka kafa Dayton Engineering Laboratories Company, wanda aka taƙaita sunansa zuwa Delco.

Tsarin da ya samo asali daga wannan aiki, wanda har yau littattafan injiniya ke kira da sunan Kettering, ba shi da sassa da yawa. Kwayil tana da naɗin waya biyu: ɗaya mai kauri da 'yan zagaye kaɗan, ɗaya siriri mai dubban zagaye. Wutar batir, bolt 6 a da, bolt 12 daga baya, tana bi ta naɗi mai kauri ta haifar da ƙarfin maganaɗisu. A cikin distiributa akwai wasu ƙananan ƙarafa biyu masu haɗe baki, waɗanda makanikai ke kira kwantak. Sandar distiributa tana da kusurwoyi daidai da yawan silinda, kowace kusurwa idan ta zo sai ta buɗe kwantak. Da buɗewarsa wutar ta yanke, maganaɗisun ya rushe nan take, siririn naɗin ya haifar da wuta mai ƙarfin dubban bolt. Kwandansa tana hana wutar tsallake bakin kwantak ta ƙona shi. Rota kuma, wadda ke juyawa a ƙarƙashin murfin distiributa, ita ke miƙa wutar ga wayar fulogin da layi ya zo kansa. A inji mai silinda 4 da ke juyi 3,000 a minti, kwantak yana buɗewa sau 100 a kowace daƙiƙa.

Lokacin tartsatsi

Amfanin tsarin gaba ɗaya ya rataya ne a kan lokacin da kwantak ke buɗewa. Ana auna wannan lokaci daga ƙololuwar fiston, wato inda fiston ya kai ƙarshen hawansa ya tsaya cak kafin ya juyo ƙasa. Littattafan gyaran mota suna rubuta wurin da haruffan TDC. Fetur ba ya ƙonewa a take, yana ɗaukar ɗan lokaci, saboda haka dole tartsatsin ya riga fiston isa ƙololuwa, domin ƙarfin ƙunar ya cika daidai lokacin da fiston ya fara gangarowa. Ana lissafin wannan rigaye da digirin juyawar karanshaf. A yawancin tsofaffin motoci yakan kasance tsakanin digiri 5 zuwa 10 idan injin yana aiki a tsaye, ya haura digiri 30 idan ana gudu. Dalilin ƙaruwar a fili yake: a juyi 800 a minti karanshaf yana cin kusan digiri 5 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, a juyi 3,000 kuwa yana cin digiri 18.

A motocin farko direba ne ke gyara wannan da kansa, da wani ɗan hannu da ke jikin sitiyari. Daga baya aka sa wa distiributa wasu ƙananan ƙarafa masu nauyi da ke buɗewa idan juyi ya ƙaru su tura lokacin gaba, aka kuma ƙara wata faifa da zuƙar iskar kafireto ke ja. Abin da ya rage wa makanike shi ne saita mafarin, aikin da ake kira saita tayimin.

Hanyar ba ta sauya ba tun zamanin Delco. Ana cire fulogin silinda ta ɗaya, a toshe ramin da yatsa, a juya injin da sifana a hankali har a ji iska tana turo yatsan. Wannan ke nuna fiston yana hawan matsa iska ne. Matakin yana da muhimmanci domin karanshaf yana juyawa sau biyu kafin silinda ta yi bugu ɗaya, don haka alamar da ke jikin fuli ko fulawil tana zuwa daidai sau biyu, sau ɗaya kawai ne na gaskiya. Wanda ya ɗauki ɗayan zai dasa distiributa a juye, injin ya ƙi tashi ko ya yi ta harbi ta kafireto. Idan alamar ta daidaita, rota ya kamata ta kalli wayar fulogi na ɗaya. In alamar ta goge ko fulin ya zame, ana ɗaura wani ƙarfe a ramin fulogi da zai tare fiston kafin ya kai sama, a juya injin da hannu har ya tsaya a yi alama, a juya shi baya har ya sake tsayawa a yi wata; tsakiyar alamomin biyu ita ce ƙololuwa.

Kafin a taɓa tayimin sai an gyara tazarar bakin kwantak, wadda a motoci da yawa ba ta wuce kusan milimita 0.4 ba, domin duk canjin tazara yana matsar da lokacin tartsatsi. Daga nan a tsayar da fuli a digirin da kamfani ya ƙayyade, a sassauta ƙullin distiributa, a haɗa ƙaramin ƙwan lantarki tsakanin wayar kwantak da jikin inji, a murɗa distiributa sannu a hankali har ƙwan ya kama. Kamawarsa na nufin kwantak ya buɗe. Masu fitilar tayimin, mai walƙawa duk lokacin da fulogi na ɗaya ya sami wuta, suna yin aikin injin yana kunne, galibi bayan sun cire tiyon zuƙar iska. Idan wuta ta makara mota ba ta da ƙarfi, tana shan mai, tana zafi. Idan ta yi wuri da yawa injin yana ƙwanƙwasa a hawa, yana kuma turje wa sitata.

Motoci irin su Peugeot 404 da 504 na farko da Volkswagen Beetle, waɗanda suka cika titunan Najeriya da Nijar a shekarun 1970 da 1980, da wannan tsari suke aiki. Kamfanonin Amurka sun fara maye gurbin kwantak da na'urar lantarki a farkon shekarun 1970, injinan zamani kuwa kwamfuta ce ke zaɓar lokacin tartsatsi, yawancinsu ma ba su da distiributa.

Sitatar lantarki

Kafin 1912 ana tayar da mota ne da handul, wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake sokawa a gaban inji a juya da ƙarfin damtse, kamar yadda ake tayar da wasu injinan niƙa. Haɗarinsa yana da alaƙa kai tsaye da lokacin tartsatsi. Idan direba ya manta bai ja hannun wuta baya ba, fetur yakan kama tun fiston bai kai ƙololuwa ba, injin ya juya da baya, handul ya dawo da ƙarfi ya karya hannu ko muƙamuƙi. Labarin da ya shahara a tarihin Cadillac shi ne cewa wani abokin Leland mai ƙera motoci, Byron Carter, ya ji irin wannan rauni yayin da yake taimakon wata mata da motarta ta mutu a birnin Detroit, ya kuma mutu a 1908 ba da daɗewa ba, abin da ya sa Leland ya ƙudura raba motocinsa da handul.

Injiniyoyin Cadillac sun gwada, amma injin lantarkin da suka samu ya yi girma. Kettering ya dawo da darasin akwatin kuɗi: sitata ba ta buƙatar aiki sai na 'yan daƙiƙu. Na'urar da ya haɗa tana tayar da inji, in ya tashi kuma ta koma janareta tana cajin batir, batirin yana ba fitilu da fulogi wuta. An gwada ta a motar Cadillac a watan Fabrairu na 1911, ta fito kasuwa a motocin 1912, aka ba shi haƙƙin mallakarta mai lamba 1,150,523 a watan Agusta na 1915. Saboda ita Cadillac ya sami kofin Dewar na Birtaniya a 1913. Cikin shekara goma yawancin sababbin motocin Amurka sun koma sitata, tuƙi ya zama abin da mata da tsofaffi ke iya yi ba tare da neman mai juya musu inji ba.

A 1916 Kettering ya fito da Delco-Light, ƙaramin janareta mai batura domin gonakin da wutar gari ba ta kai ba. A shekarar ce aka sayar da Delco ga kamfanin United Motors, wanda General Motors ya haɗiye a 1918. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya jagoranci ƙera wani ƙaramin jirgin sama marar matuƙi mai ɗauke da bam, wanda aka sani da Kettering Bug. An gwada shi a 1918, yaƙin ya ƙare ba a yi amfani da shi ba.

Ƙwanƙwasar inji da fetur mai dalma

Masu sayar da magneto sun riƙa ɗora wa tsarin Delco laifin wata ƙara mai kama da bugun ƙarfe da ake ji a injinan lokacin. Wannan ƙwanƙwasa daban take da abin da direbobi ke nufi idan suka ce inji ya buga. Tana faruwa ne idan ragowar haɗin fetur da iska ya fashe da kansa saboda zafi da matsi, kafin harshen wutar fulogi ya iso gare shi. Tana rage ƙarfi, in ta daɗe tana iya huda fiston. Maganinta na kusa shi ne a jinkirta tartsatsi ko a rage matsin silinda, dukansu kuwa asarar ƙarfi ne da mai. Kettering yana da yaƙinin matsalar daga man take, ba daga wutar ba. A 1916 ya ɗora wani matashin injiniya, Thomas Midgley Jr., a kan binciken.

Sun gwada sinadarai masu yawa. Aidin ya yi aiki amma yana da tsada; teluriyam ya yi aiki amma warinsa mai kama da tafarnuwa ba ya barin jikin mutum. Sun kuma san cewa etanol, barasar da ake samu daga hatsi ko rake, yana hana ƙwanƙwasa idan an zuba shi da yawa a fetur. A watan Disamba na 1921 Midgley ya gano cewa wani sinadari mai ɗauke da dalma, wanda ake taƙaita sunansa da TEL, yana kashe ƙwanƙwasar da abin da bai kai ƙaramin cokali ba a galan guda. Yana da arha, ana kuma iya mallakar haƙƙinsa, abin da ba zai yiwu da etanol ba. An fara sayar da man a Dayton a watan Fabrairu na 1923 da sunan Ethyl, sunan da bai ambaci dalma ba. A 1924 General Motors da Standard Oil na New Jersey suka kafa Ethyl Gasoline Corporation, Kettering ya zama shugabansa na farko.

Gubar dalma ba sabon abu ba ce ga likitocin lokacin. A watan Oktoba na 1924 ma'aikata biyar suka mutu a matatar Bayway da ke New Jersey bayan sun fita hayyacinsu, aka kwantar da wasu gommai a asibiti. An kuma yi asarar rayuka a masana'antar DuPont da ke Deepwater da kuma a Dayton. Birane irin su New York suka hana sayar da man. A watan Mayu na 1925 babban likitan gwamnatin Amurka ya kira taro a Washington, inda masana kamar Alice Hamilton ta Jami'ar Harvard da Yandell Henderson na Jami'ar Yale suka yi gargaɗin cewa dalmar za ta bi hayaƙi ta taru a tituna da jikin jama'a sannu a hankali. Kettering ya kare man da hujjar cewa injin mai matsi sosai zai rage shan fetur a lokacin da ake fargabar ƙarewar ɗanyen mai. Kwamitin da aka naɗa ya ba da rahoto a farkon 1926 cewa bai ga dalilin haramtawa ba, ya nemi a ci gaba da bincike, aka koma sayarwa. Shekaru kusan 40 bayan haka, yawancin binciken lafiya a kan dalmar fetur yana hannun Robert Kehoe ne, a wani ɗakin bincike na Jami'ar Cincinnati da ke ɗauke da sunan Kettering, da kuɗin kamfanonin da ke sayar da sinadarin.

Gargaɗin Hamilton da Henderson ya tabbata. Binciken Clair Patterson a 1965, da na wasu bayansa, ya nuna yadda dalma ta yawaita a iska da jinin mutane, da yadda take dakushe ƙwaƙwalwar yara. Amurka ta fara rage ta a shekarun 1970, ta haramta ta ga motoci a 1996. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun amince a Dakar a 2001 su daina amfani da ita, suka cika alkawarin zuwa farkon 2006. Aljeriya ce ta ƙarshe, a 2021. Wannan babi ne ya fi jawo wa sunan Kettering suka a wajen masana tarihi, musamman ganin cewa ɗakin bincikensa ya san da wasu hanyoyin.

Sauran ayyuka a General Motors

Ba duk abin da ya sa a gaba ne ya yi nasara ba. Injin da ya ƙera mai sanyaya kansa da iska ta fikafikan jan ƙarfe, wanda aka sa a Chevrolet a 1923, ya riƙa zafi, kamfanin ya janye 'yan ɗaruruwan motocin da aka ƙera. Kettering ya nemi ajiye aiki, Alfred P. Sloan ya lallashe shi ya zauna.

Tare da DuPont sashensa ya samar da fentin Duco, wanda ya rage lokacin fentin mota daga makonni zuwa sa'o'i. A 1928 ya nemi Midgley ya samo iskar firiji da ba ta kama wuta kuma ba ta da guba, aka sami Freon. Sai a shekarun 1970 aka gano tana lalata shimfiɗar ozon, yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kawo ƙarshenta. Ya ba injin dizal mai bugu biyu lokaci mai yawa. Irin wannan inji ne ya ja jirgin ƙasa na Pioneer Zephyr daga Denver zuwa Chicago cikin kusan sa'a 13 a watan Mayu na 1934, jiragen dizal kuma suka kori masu tururi daga layukan dogon Amurka cikin shekaru 25 da suka biyo baya. Aikinsa na ƙarshe kafin ritaya a 1947 shi ne injin fetur mai matsi sosai, wanda ya share fage ga injinan V8 na Oldsmobile da Cadillac na 1949.

Iyali da mutuwa

Kettering ya auri Olive Williams 'yar garin Ashland a 1905. Ɗansu ɗaya, Eugene, wanda aka haifa a 1908, ya zama injiniya ya kuma yi aiki a kan injinan dizal na jiragen ƙasa. Gidansu, Ridgeleigh Terrace, da aka gina a 1914, yana cikin gidajen farko a Amurka da aka sa wa na'urar sanyaya ɗaki. Ma'aikatansa suna kiransa Boss Ket.

Ya kafa gidauniyar Charles F. Kettering a 1927. A 1945 shi da Sloan suka assasa cibiyar binciken ciwon daji ta Sloan-Kettering a New York. A shekarar da ta biyo baya ciwon daji ya kashe matarsa. Ya mutu a Dayton ranar 25 ga Nuwamba, 1958, bayan bugun jini, yana da shekara 82, aka binne shi a maƙabartar Woodland. Birnin Kettering da ke maƙwabtaka da Dayton sunansa ya ci, haka ma Jami'ar Kettering da ke Flint a jihar Michigan, tsohuwar makarantar injiniya ta General Motors da aka sauya wa suna a 1998.